Kwamfutar Ɗalibi a Gidan Manomi

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Funtua da Malumfashi



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani a cikin wannan ɗaki. Da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, wasu abokanmu sun zaci za mu ɗauko batun tsaro ko tsadar takin zamani, tun da su ne ke hana iyayenmu barci. Sai ga shi mun ɗauko ƙaramin abu, watau yadda ɗalibi ko ma'aikaci zai haɗa kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda muke kira laftof, da wani babban allo idan ya koma gida. Muna roƙo kada a raina batun tun ba a ji shi ba, domin Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Bari mu fara da abin da kakanninmu suka ba mu labari. Ƙasar Funtua da Malumfashi ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, har aka kafa gidajen gurzar auduga a garuruwan biyu, jirgin ƙasa kuma yana kwasar kaya daga Funtua zuwa kudu. A wancan lokaci manomi zai ɗoro audugarsa a jaki ya kai kasuwar auduga, a ɗora a sikeli, malamin awo ya duba, ya rubuta a littafi, ya faɗi kuɗi. Littafin nan malamin kaɗai yake fuskanta. Manomi yana tsaye a ɗaya gefen tebur, ba ya ganin abin da aka rubuta, in ma ya gani ba zai iya karantawa ba. Ko da malamin mai gaskiya ne, manomi kan koma gida da zato a zuciyarsa. A shekarar 1975 aka kawo babban shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, aka shigo da taki da ingantaccen irin masara, aka yi hanyoyi, amma takardun rajista da na bashi suna hannun malaman gona kamar da. To, jama'a, mu da aka tura makaranta don mu zama idon gida, ya kamata mu tambayi kanmu: laftof ɗin da muke buɗewa a tsakar gida, wa take fuskanta?

Na'urar nan ba ta daɗe da shiga gidajenmu ba. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, iyaye suka fara gane cewa ba kayan ado ba ce. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu. A 2022 kuma malaman jami'a suka yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, damina guda ta zo ta wuce ɗalibai suna gida. Daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗalibai suka komo Bakori da Danja da Ƙafur da Ɗandume, kowa da jakarsa a baya. Da yawa cikinmu an sayar da buhunan masara ko rago kafin a saya mana abin da ke cikin jakar nan.

A gidanmu gandu ɗaya mahaifinmu da ƙanensa suke nomawa. Da suka ga muna da kwamfuta, sai suka ɗora mana riƙon lissafin gona: kuɗin huɗa, da taki, da maganin feshi, da ladan 'yan ƙwadago, da abin da aka shigar rumbu. Muka shirya komai a jadawalin Excel, muna jin daɗin kanmu. Da kaka ta yi, muka ɗauko laftof muka ajiye a tabarma don mu nuna musu. Baba ya sunkuya ya ƙifta ido, lambobin sun yi masa ƙanana. Baffa yana gefe, shi kuwa duhu kawai yake gani, domin irin waɗannan ƙananan allunan masu araha ba sa nuna hoto sosai ga wanda ya kalle su ta gefe. Daga ƙarshe Baba ya ce, “Rufe abinka, mun yarda da kai.” Maganar ta yi daɗin ji, amma da muka kwanta muka yi tunani sai muka ga ashe mun zama malamin awo a gidan ubanmu.

Washegari muka aro waya muka haɗa laftof da talabijin ɗin zaure, muka ƙara girman rubutu. Baffa bai yi boko ba, amma ya san lamba, don ya shekara yana cinikin hatsi a kasuwar Ɗandume. Bai yi minti biyar yana kallo ba ya nuna da yatsa ya ce, “Yaro, buhu biyun nan na yuriya da aka kai gonar fadama sau biyu ka rubuta su.” Muka duba, haka ne kuwa. Kuskuren namu ne, kuma da ya wuce, da an yanke wa Baffa kuɗin da bai ci ba a rabon amfanin gona. Da aka shigar da talabijin cikin gida, Inna ita ma ta tuna mana da waken da aka ɗiba don wani suna, wanda ba mu rubuta ba sam. Gani ya kori ji. Wannan shi ne jigon maganarmu a yau: babban allo yana mayar da na'urar mutum ɗaya ta zama ta gida duka.

Amma kada mu tsaya ga labari. Mu duba abin da ake samu a zahiri. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai allonsu inci 14 ne ko 15.6, ana aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Allon tebur, wanda masu sayarwa ke kira monita, wanda aka fi samu shi ne mai inci 22 ko 24. Mai inci 24 ya kusa ninka mai inci 14 sau uku a faɗin fili. Bugu da ƙari, hoton da ke kan allo ƙananan ɗigogi ne suka haɗu suka yi shi. Tsofaffin laftof da yawa suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, watau ɗan abin da ya haura miliyan ɗaya. Monita mai 1920 da 1080 tana da fiye da miliyan biyu. Ma'anar wannan ita ce, mai rubuta kundin kammala digiri zai iya buɗe littafin da yake karantawa a wannan allo, rubutunsa kuma a wancan, ba sai yana rufe wannan yana buɗe wancan ba. Akawun ƙaramar hukuma zai ga jerin albashi daga farkon layi har ƙarshensa, bai yi ta ja hagu da dama ba, inda kuskure ke samun kafar shiga.

Na biyu shi ne lafiyar jiki. An ƙera laftof ne don tafiya, shi ya sa allonta da madannanta suke manne da juna. In ka ajiye ta inda hannu zai ji daɗi, wuya zai sunkuya. In ka ɗaga ta daidai ido, kafaɗa za ta gaji. Kan babban mutum ya kai kilo biyar, kuma duk yadda aka ƙara sunkuyar da shi, haka nauyin ke ƙaruwa a kan jijiyoyin wuya. Mu da muke zama a tabarma ko a bakin gado mu duƙa awa huɗu, mun san ciwon da ke biyo baya. Masana lafiyar ma'aikata sun ba da shawara cewa saman allo ya kasance daidai ido ko ƙasa kaɗan, nisansa kuma ya kai tsawon hannu, kimanin santimita 50 zuwa 70. Likitocin ido kuma suna cewa duk bayan minti 20 mutum ya ɗauke idonsa ya dubi wani abu mai nisan mita shida na tsawon daƙiƙa 20. Kada a sa allo ya fuskanci taga ko ƙofa, don hasken rana zai faɗo masa ya hana gani.

Na uku, babban allo yana ceton na'urar da ta yi rauni. Duk wanda ya taɓa hawa babur ko motar haya daga Funtua zuwa Malumfashi da laftof a jaka ya san cewa allon ne ke fara fashewa. Sau da yawa cikin na'urar lafiya lau yake. Kafin a sami kuɗin sauya allo, ana iya haɗa ta da monita ko talabijin a ci gaba da aiki, ba a rasa ko shafi ɗaya ba.

Yadda ake haɗawa kuwa ba shi da wuya. A duba gefen laftof. In an ga kafa mai ramuka 15, galibi shuɗiya, ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987. Hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. In an ga siririya mai faɗi, ita ce HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare, kuma ita ce ke jikin kusan kowane talabijin na zamani. Sababbin na'urori suna zuwa da ƙaramar kafa ta USB-C, amma fa a kula, ba kowace irinta ce ke fitar da hoto ba, sai a gwada kafin a sayi waya. In kafar laftof da ta monita ba iri ɗaya ba ne, akwai ɗan mahaɗi da ake sayarwa. Bayan an haɗa, a kwamfuta mai Windows sai a danne maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito a jere: na farko allon laftof kaɗai, na biyu alluna biyu su nuna abu ɗaya, na uku babban allo ya zama ƙarin fili, na huɗu babban allo kaɗai. Na biyu shi ne na nuna wa jama'a lissafi, na uku shi ne na mai bincike da rubutu. Wanda zai daɗe yana aiki ya nemi madannai da linzami na daban, ya ɗora laftof a kan littattafai ko ɗan akwati har ta kai ido.

Game da talabijin, yana biyan bukata in taro za a nuna wa, amma ba a yi shi don karatu na kusa ba. Ɗigoginsa manya ne, wani lokaci yakan yanke gefen hoto, rubutu kuma ba ya fita tsaf kamar a monita. Wanda ba shi da hali ya fara da shi, daidai ruwa daidai tsaki.

To, yanzu mun zo inda gizo ke saƙa, watau wutar lantarki. Laftof tana da batir a cikinta, monita ba ta da shi. Da zarar an ɗauke wuta, babban allo ya mutu nan take. Kuɗin wutar da monita ke ci ba shi ne matsala ba. Mai inci 24 ta zamani ba ta cika wuce wat 25 ba. In an kunna ta awa huɗu kullum har wata guda, yunit uku ke nan. Ko da a farashi mafi tsada da aka sanar a watan Afrilu na 2024, naira 225 kowane yunit ga masu layin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuɗin bai kai naira 700 ba. Matsalar ita ce samun wutar. Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Ƙauyuka da dama a ƙasarmu kuwa ko turken wuta bai kai musu ba. Janareta kuma, tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama kayan mai hali.

Saboda haka duk mai son babban allo ya fara da lissafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Laftof tana aiki takan ci kamar wat 40, monita 25, jimla 65. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin mai dalma ne, rabi kaɗai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri, watau 600. In aka cire abin da inbata ke cinyewa wajen juya wuta, za a sami aikin kamar awa takwas. Farantin sola mai wat 100 a irin ranarmu yana iya tara kimanin wat-awa 400 a yini, wanda zai ishi aikin awa biyar da dare, sai dai a lokacin hazo da tsakiyar damina abin kan ragu. Akwai kuma wata dabara: wasu monitoci suna da caja a waje kamar ta laftof, an rubuta bolt 12 a jikinta. Irin waɗannan mai gyara na iya haɗa su da batir ba tare da inbata ba, in an sa abin daidaita wuta a tsakani. Tsohuwar monita mai ƙaton ƙeya kuwa, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, don cin wutarta ya ninka na zamani sau uku ko fiye.

Sai abokan gaba guda uku da ƙasarmu ta tanada wa waɗannan na'urori. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika kowane rami da ƙasa, ga ƙaiƙayin sussuka a lokacin kaka. A rufe allo da ƙyalle in an gama, a goge shi da tattausan yadi busasshe. Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu, wanda ya rufe murfin laftof yana aiki da babban allo kaɗai, ko ya ɗora ta a katifa, yana toshe mata numfashi ne. A bar murfin a buɗe, a ɗora ta a abu mai tauri. Na uku tsawa da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Da hadari ya haɗo a cire waya daga bango, kuma a saba da kashe talabijin kafin a soka ko a zare wayar HDMI, domin yawancin gidajenmu ba a binne musu wayar ƙasa ba, wutar da ke yawo a jikin talabijin tana iya ƙona kafar laftof. Mai sayen monita ta hannu, ko a Funtua ko a titin Beirut na Kano, ya tafi da laftof ɗinsa, a kunna a gabansa, ya buɗe farin shafi sannan baƙi, don ya ga ko akwai tabo ko layi. Rigakafi ya fi magani.

Wani zai ce, ina amfanin duk wannan in babu intanet? Amsarmu ita ce watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni a haka. Facebook da WhatsApp sun tsaya cik, amma jadawalin lissafi bai tsaya ba, littattafan da aka riga aka sauke suna nan, haka ma tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ƙannenmu ke gwaji da su. Yaro shida za su iya zama gaban allo ɗaya su koyi yadda ake amsa tambaya da linzami, kafin ranar da za su shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa.

Wani kuma zai ce, kuɗin monita ai gara a sayi buhun taki. Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu yi mata gardama ba. In zaɓin tsakanin taki da allo ne, a sayi taki. Amma ƙungiyar manoma, ko ƙungiyar matasan unguwa, ko 'yan'uwa uku masu karatu, suna iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin manoma nawa ne suka watse a garuruwanmu saboda zargin sakatare a kan rabon taki ko kuɗin bashi? Sau da yawa ba a ci ko kwabo ba, rashin gani ne kawai. In ranar taro aka haska sunan kowa da abin da ya biya da abin da ya karɓa, bakin mai tsegumi ya mutu, hannun mai niyyar ɓarna kuma ya yi sanyi.

Sai dai akwai kashedi, musamman ga yayyenmu ma'aikata. Allon da ke nuna wa kowa, yana nuna komai. Wanda ya zo gida da takardun ofis, jerin albashi ko sakamakon jarrabawar ɗalibai ko bayanan marasa lafiya, bai halatta ya haska su a zaure inda baƙi ke shiga da fita ba. Amana ce aka ba shi. Lissafin gida na mutanen gida ne, asirin ofis na ofis ne, kuma mai ilimi shi ne wanda ya san wanne zai buɗe, wanne zai rufe. Haka nan mu ɗalibai, mu ji tsoron kada allon da aka saya da sunan karatu ya koma gidan kallon ƙwallo da fina-finai har asuba. Kada kuma ya tsaya a zaure wurin maza kaɗai. Iyayenmu mata suna da jarinsu na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwo da adashi, ƙannenmu mata suna da jarrabawa a gabansu, su ma suna da haƙƙi a kan wannan allo.

Malam Shugaba, iyayenmu sun sayar da amfanin gona sun ba mu abin da su ba su samu ba. Ba su yi haka don mu dawo mu zauna a ɗaya gefen tebur muna karanta musu lamba suna gyaɗa kai ba. Roƙonmu ga 'yan'uwa shi ne, wannan hutu mai zuwa kowa ya nemi waya guda ta HDMI, ya tambayi mahaifinsa abin da aka kashe a gona bana, ya rubuta, sannan ya juya allon ya fuskanci masu gonar. In an sami kuskure a lissafinmu, kamar yadda aka samu a namu, mu gode wa wanda ya gano shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa iliminmu ya amfani waɗanda suka ɗauki nauyinsa.